Ciniki da Wanda Ba Zai Dawo Ba

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Abuja ya san wuraren da mota take rage gudu ba don rami ko shingen jami'an tsaro ba: Kura, Kwanar Dangora, Tashar Yari, Mararrabar Jos, Tafa. A hanyar Maiduguri akwai Wudil da Shuwarin da Azare da Potiskum. A Nijar kuwa, kan titin da ya tashi daga Yamai zuwa Damagaram, ga Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, ga Galmi mai albasa, ga Madawa mai kilishi. A waɗannan wurare kafin direba ya gama taka birki, tagogi sun cika da farantai: dafaffen ƙwai, awara, gurasa, rake, gasasshiyar masara, fura da nono, ga hayaƙin tsire da balangu yana tashi daga gefe. Cikin 'yan mintoci an yi ciniki an gama, mota ta tashi. Mai saye bai san sunan mai sayarwa ba, mai sayarwa bai san garin mai saye ba, kuma da wuya su sake haɗuwa a duniya. Tambayar da take damuna game da wannan ciniki tsohuwa ce: me zai hana mutum ya cuci wanda ya tabbata ba zai dawo ba?

A cikin gari tambayar ba ta cika tasowa ba, domin akwai abubuwa biyu da suke tsare gaskiya ko da zuciya ba ta so. Na farko kunya, na biyu tsoron rasa mai saye. Mai tsiren unguwa da ya ɗumama naman shekaranjiya ya sayar wa maƙwabcinsa ya san gobe za su haɗu a sahun Asuba, kuma kafin Azahar labari ya kai majalisa. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ana bukatar lokaci kafin a bi ramin a kai ƙarshensa, kuma lokacin ne babu shi a bakin titi. Matafiyi ba zai gane cewa ruɓaɓɓen tumatir aka jera a ƙasan kwando ba sai ya isa gida ya juye, kilomita ɗari biyu daga inda ya saya. Ba zai san an haɗa zumar da narkakken sukari ba sai bayan kwanaki. Mai sayarwa a nan tamkar wanda ya ɗaura layar zana ne, yana aikata abin da ya ga dama ba mai ganinsa. Aflatun, masanin falsafar Girka, ya kafa irin wannan misali da zoben da yake ɓoye mai shi, ya tambaya ko akwai wanda zai ci gaba da adalci in ya samu zoben. Abin da nake son kafawa shi ne, gaskiyar da ake gani a bakin titi ita kaɗai ce za a iya rantsewa cewa gaskiya ce, domin an cire mata duk wani tokari na waje, kuma cinikin matafiyi ba zai tsaya a kan komai ba in ba a kan shaidan da ke cikin zuciyar mai ciniki ba.

Shari'ar Musulunci ta hango wannan wuri tun da daɗewa, kuma ta kula da shi fiye da yadda ake zato. Hadisin da aka fi kafa hujja da shi wajen haramcin algus a kan abinci ya zo. Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya tura hannunsa cikin tulin, ya ji danshi a ƙasa alhali saman a bushe yake, ya tuhumi mai shi a kan rashin fito da jiƙaƙƙen inda mutane za su gani, sannan ya nesanta mai ha'inci daga kansa. Wannan shi ne kwandon tumatir, ba a rage komai ba. Akwai kuma hani a kan tarar ayari a bayan gari a saye kayansu kafin su shiga kasuwa su san farashi, wato an hana cin riba daga rashin sanin baƙo. Malaman Malikiyya sun ƙara da wata mas'ala da ta fi kusa da abin da muke magana: idan mai saye ya miƙa wuya, ya ce bai san farashi ba, a sayar masa yadda ake sayar wa mutane, sai mai kaya ya yi masa ƙarya ya tsuga masa kuɗi, to ya ci haram, kuma mai sayen yana da damar warware cinikin. Matafiyin da ya leƙo ta taga ya ce nawa ake sayarwa, direba na matsa ƙaho a kansa, kusan a wannan matsayi yake ko bai furta ba. Alƙur'ani kuma ya sa matafiyi cikin rukunoni takwas na masu cin zakka a aya ta 60 ta Suratut Tauba, ya kuma jera shi tare da iyaye da dangi da marayu da maƙwabta cikin waɗanda aka yi umarni a kyautata musu a aya ta 36 ta Suratun Nisa'i. Abin lura shi ne malamai sun ce ana ba matafiyin da guzuri ya yanke masa zakka ko da attajiri ne a garinsu. Ashe raunin da aka duba shi ne yankewa daga mutanen da suka san shi, waɗanda za su tsaya masa.

Wani zai ce na zuzuta batun, domin cinikin bakin titi bai rabu da ido ba kamar yadda na nuna. Fasinja ba ya dawowa, amma direba kullum yana hanya, kuma shi ne yake zaɓar inda za a tsaya. Mai abincin da ta lalata wa fasinjoji ciki za ta rasa direban, in ta rasa shi ta rasa mota guda ta masu saye. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma tana da tarihi. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro a ƙarni na 19 suna shafe watanni a hanya, amma ba su tafi a matsayin baƙin da ba a sani ba. Madugu ya san kowane zango, ya san sarkin da za a biya da mashigin da za a ba da kuɗin fito, a manyan kasuwanni irin su Salaga kuma akwai fatoma da yake saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a ciniki, sunansa ya zama jingina. Daga irin waɗannan masaukai zangunan Hausawa na Kumasi da Accra da Sabo ta Ibadan suka samo tsarinsu. Sai dai direban yau ba madugu ba ne. Madugu da ayarinsa asararsu ɗaya. Direba kuwa, sanannen abu ne a manyan hanyoyi cewa masu gidajen abinci da yawa suna ciyar da shi kyauta don ya sauke musu fasinja. Kwanon da aka zuba masa daban, naman da aka tsame masa daban. Abin da mai abinci take tsoron ɓatawa shi ne ran direba, kuma ana iya faranta masa rai ba tare da an kyautata wa ko mutum ɗaya a cikin motarsa ba. Ban da haka, yarinyar da take bin taga da farantin gyaɗa da mai kwandon albasa ba su da direban da suke jin kunyarsa.

Hujja ta biyu ta fi taɓa zuciya. Masu talla a bakin titi talakawa ne, jarin wata daga cikinsu bai kai kuɗin man da motar ta sha daga Zariya zuwa Kaduna ba. In ta ƙara wa mai babbar riga naira ɗari a kan abin da take sayar wa 'yan garinsu, wa aka cuta? Ai ciniki yarda ne, kuma lokacin da kaya suka yi tsada a Madina aka nemi Annabi (SAW) ya ƙayyade farashi, bai yi ba. A nan dole a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Tsada daban, ƙarya daban. Wanda ya ɗauko kaya daga cikin ƙauye, ya tsaya a rana yana shaƙar hayaƙin tirela, yana tsallaka titi a guje da ransa a hannu, ya kawo wa matafiyi abinci har bakin taga, ya yi aikin da ya cancanci lada, ba laifi kayansa su fi na cikin kasuwa kuɗi. Ban ga abin zargi a wannan ba, kuma mai motar da zai tsaya yana ja-in-ja da marainiya a kan naira hamsin shi ya kamata ya ji kunya. Abin da talauci ba ya halattawa shi ne mudun da aka buga wa gindi, da rantsuwar cewa yanzu aka sauke naman, da noƙe canji har mota ta tashi. Kuma in an duba da kyau, wanda ake yi wa wannan ba mai babbar rigar ba ne galibi. Shi yana da kula cike da abincin gida, ko ya wuce sai otal. Wanda yake cin abincin bakin titi shi ne na cikin motar haya, ɗalibi da ɗan ci-rani da matar da za ta je dubiya da goyo a baya. Talaka ne yake cutar talaka, yana gaya wa kansa cewa mai kuɗi ya tatsa.

Akwai kuma masu cewa matafiyin da nassi ya yi magana a kansa shi ne mai tafiyar bukata, alhaji ko ɗalibi ko ɗan kasuwa, ban da wanda ya kwashi iyali bayan Sallah zuwa Yankari don wanka a ruwan ɗumi na Wikki, ko zuwa dam ɗin Tiga ko magangarar ruwa ta Gurara shan iska. Gaskiya ne fiƙihu ya bambance tafiye-tafiye. Muktasar na Shaihu Halil, da ya kawo kasaru a tafiyar da ta kai baridi huɗu, wato kimanin kilomita 80, ya ware wanda tafiyarsa ta saɓo ce da wanda tafiyarsa ta wasa ce zalla. Amma wannan magana ce a kan rangwamen da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, ko zai rage sallah ko ba zai rage ba. Ba ta ba wani ɗan Adam izinin cin dukiyarsa ba. Mai tsire ba alƙalin niyya ba ne, ba ya kuma tambayar ina aka nufa kafin ya yanka. Haramcin ha'inci bai rataya a kan addinin wanda aka ha'inta ba ma, balle dalilin fitowarsa daga gida.

Hujjar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta masu cewa ba sai an kawo addini ba, lissafi kawai ya isa. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya nuna a 1970, da misalin kasuwar tsofaffin motoci, cewa inda mai saye ba zai iya bambance mai kyau da marar kyau ba, yakan ƙi biyan kuɗin mai kyau, sai masu kaya nagari su janye, kasuwa ta lalace. Haka abin yake da zumar bakin titi: an yi algus har mai zuma ta gaskiya ya rasa yadda zai sa a yarda da shi. Saboda haka, in ji su, amfanin masu sayarwa ne su yi gaskiya. Na yarda amfaninsu ne a jimlace, amma lissafin yana rushewa da zarar an sauko kan mutum ɗaya. Ribar cutar da ya yi yau tasa ce shi kaɗai, a aljihunsa take kafin Magariba. Asarar sunan da ya jawo kuwa za a raba ta ne tsakanin duk masu talla a kwanar, har da waɗanda ba su fara sana'ar ba tukuna, rabonsa a ciki ɗan kaɗan ne. Mai bin lissafi zalla zai yi cutar, kuma bai yi kuskuren lissafi ba. Hukuma ma ba za ta toshe wannan ɓaraka ba. Ko Hisbar Kano da ma'aikatan duba-gari sun ninka yawansu sau goma, ba za a kafa jami'i a kan kowane kwando ba. Duk da haka, mafi yawan cinikin da ake yi a waɗannan wurare lafiya yake ƙarewa, in ba haka ba da tuni mutane sun daina buɗe taga. Ana ganin yaro yana bin mota da gudu don ya jefa canji ta taga, alhali da ya tsaya ba wanda zai ce masa uffan. Lissafi bai iya bayanin wannan gudu. Abin da zai bayyana shi shi ne yaron ya taso a gidan da aka koya masa cewa akwai mai ganinsa ko ba kowa a wurin, abin da malamai suke kira ihsani. Ba Musulmi kaɗai ne suke da wannan ba, duk wanda ya ci abinci a hannun matan Kirista a Tafa ko Mararrabar Jos zai shaida. Amma a kowane hali daga cikin mutum abin yake fitowa.

Layar zanar nan kuwa ba mai sayarwa kaɗai ne yake ɗaure da ita ba. Matafiyi ma ba a san shi ba, kuma shi ne mai ƙafa huɗu. Akwai fasinjan da yake karɓar kaya ta taga ya yi ta laluben aljihu da gangan har direba ya ja, da mai miƙa yagaggen kuɗi a naɗe da daddare, da wanda zai ci ya watsar da leda da ƙashi a ƙofar masallacin garin da ba nasu ba, da dattijon da yake gaya wa 'yar talla maganar da ba zai iya furtawa a unguwarsu ba. Yarinyar da aka gudu da kuɗin awararta ba ta da inda za ta kai ƙara, ba ta riƙe lambar mota ba, kuma in ta koma gida kuɗi bai cika ba ita za a tuhuma. Tsakanin ita da matafiyin, ita ce ta fi kama da wanda ayoyin nan suka nemi a tsare, ko da yake ita ce 'yar gari shi ne baƙo.