Kafin Ka Tsaya a Bakin Gadon Mara Lafiya

Karatu: Ayuba 2:11-13, Ayyukan Manzanni 18:24-26

Idan Ubangiji ya sa maka nauyin waɗanda ke asibiti, gidan yari ko barikin soja, ka gode masa. Amma kada ka yi gaggawa. Kira daga Allah ne, iya aikin kuwa sai an koya.

Dubi abokan Ayuba. Kwana 7 suka zauna a ƙasa tare da shi, ba wanda ya ce uffan, kuma a nan ne suka fi yi masa amfani. Da suka buɗe baki sai suka ɗora masa laifi a kan ciwonsa, har Allah ya yi fushi da su (Ayuba 42:7). Magana zarar bunu ce. Idan ka gaya wa uwar da ɗanta ya rasu cewa rashin bangaskiyarta ne ya jawo, ka ji mata raunin da zai daɗe bai warke ba.

Shi ya sa darasin farko a horon faston asibiti shi ne sauraro. A 1925 wani fasto mai suna Anton Boisen ya fara kai ɗaliban tauhidi wani asibitin masu taɓin hankali a Amurka, domin su koyi hidima a gaban marasa lafiya. Har yau ana bin wannan tsari: ɗalibi ya yi ziyara, ya rubuta yadda hirar ta kasance, malami ya gyara masa.

A horon za ka koyi neman izini kafin ka yi addu'a ko ka ɗora hannu. Za ka koyi riƙe sirri: abin da aka faɗa maka a bakin gado ba na shaida ba ne ranar Lahadi. Ba za ka ce wa kowa ya bar shan magani ba. Za ka sassauta murya, gama mai gadon kusa yana iya zama Musulmi, ko wanda aka yi wa tiyata jiya. A gidan yari kuma ba za ka shigar da waya ko wasiƙa a ɓoye ba, ko da an roƙe ka da hawaye.

Kana iya cewa, ai shafewar Ruhu Mai Tsarki ta isa. Afolos ma yana da himma cikin ruhu, ya san Nassi, duk da haka ya yarda Bilkisu da Akila suka ja shi gefe suka ƙara fahimtar da shi. Wutarsa ba ta ragu ba.

A wannan mako ka je wurin fastonka, ka roƙa a haɗa ka da wanda ya daɗe a wannan hidima. Ka bi shi, ka zuba ido, ka yi tambaya.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni zuciyar koyo da kunnen sauraro, kada bakina ya ƙara wa kowa ciwo. Cikin sunan Yesu, Amin.