Shin Kama Ta Isa Hujja?

A kwarin Dallol Boso, inda garin Filinge yake a ƙasar Kurfai, goriba ba ta wuya, kuma da kabarta ake saƙa tabarma da igiya. Tsagin kaba guda ya isa ya tayar da tambayar da malaman lissafi da na fiƙihu suka daɗe suna juyawa: idan sassan abu duk sun yi kama da juna, hakan ya nuna tsari ɗaya ne ke riƙe da su?

A ɗauki tsagin, a murɗa shi rabin juyi, a haɗa bakinsa biyu. Layin da aka ja a tsakiyarsa zai zagaya sau ɗaya ya cim ma mafarinsa. Wanda aka ja kusa da gefe kuwa sai ya zagaya sau biyu kafin ya rufe. Kowanne zobe ne, ba mai iya bambanta su idan aka ware su, amma zamansu da juna ba iri ɗaya ba ne. Bajamushe August Möbius ya gano wannan siffa a 1858, kuma a 1933 Herbert Seifert ya nuna yadda zobba ke yin irin wannan naɗi a cikin sarari mai tsawo da faɗi da zurfi.

A fannin tofoloji, wato nazarin siffofin da lanƙwasa ko miƙewa ba ta canza su, tambayar ta samu ƙa'ida. A 1977 Amurkawa biyu, Donald Coram da Paul Duvall, suka fito da ma'anar jeri mai kusan daidaito. Ana raba babbar siffa gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa tana tsaye a kan ɗigo ɗaya na wata shimfiɗa da ke ƙasa. Jerin ya yi kyau idan duk hanyar da aka zana a ƙasa ana iya bin sawunta a sama, ko da da ɗan kuskure, muddin ana iya rage kuskuren yadda aka ga dama. A 1989 Robert Daverman na Jami'ar Tenesi ya tambaya: wace irin gunduwa ce siffarta kaɗai ke tabbatar da kyan jerin?

Amsar ta raba siffofi gida biyu. Idan shimfiɗar ƙasa mai tsawo da faɗi ce, fatar ƙwallo amintacciya ce, haka ma siffa mai rami biyu. Zobe da tiyub ɗin taya sun faɗi jarrabawar, domin kowannensu na iya naɗe kansa sau biyu ko uku ya fito da kamanninsa na farko.

Dalilin yana cikin lambar Euler, wata lamba da ake lissafa wa kowace siffa. Ta ƙwallo 2 ce, ta mai rami biyu −2, ta tiyub da ta zobe 0. Siffar da ta naɗe wata sau biyu, lambarta ninki biyu ce ta wadda aka naɗe, kuma sifili kaɗai ke ninkuwa ya tsaya yadda yake.

Almajirin zaure ba baƙo ba ne a wannan muhawara. Galibin malaman usulul fiƙihu ba su yarda a gina ƙiyasi a kan kama zalla ba. Rukunansa huɗu ne: asali, reshe, hukunci, da illa, wato dalilin hukuncin. Sabon abin sha ba ya ɗaukar hukuncin giya don launi ko ƙamshi, sai don maye. Hausawa ma sun ce kama da wane ba ta wane. Bambancin shi ne mai lissafi ya gano wuraren da kama ke zama hujja yankakkiya, ya kuma faɗi sharaɗin: siffar ta kasance ba ta da hanyar ɓoye naɗi a cikin kanta.

Ɗalibin lissafi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da mai karatun usul a zaurukan Kurfai aiki ɗaya ke gabansu. Kafin su yanke hukunci a kan abubuwa biyu da suka yi kama, su nemo abin da ya haɗa su, su kuma tabbatar yana nan a kowane ɓangare.