Wanda Aka Cuta Ya Cuci Wani: Laifin Na Wane Ne?

A cikin shekara ta 2014 wani mai shirya wasan majigi, Kunle Afolayan, ya fito da wani wasa da a ke kira October 1. Tunde Babalola ne ya rubuta labarin. Ba na ce kowa ya je ya kalla ba, gama akwai wurare a ciki waɗanda ba su dace da idon yara ba. Amma wasan ya ta da wata tambaya mai nauyi wadda ta shafe mu, watau: idan an cuci mutum tun yana yaro har zuciyarsa ta lalace, sa'an nan ya girma ya zama mai kisankai, laifin na wane ne?

Ga yadda labarin ya ke a taƙaice. Ana saura 'yan kwanaki kaɗan Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, sai aka riƙa tsintar gawawwakin 'yan mata a wani gari na ƙasar Yarabawa mai suna Akote. Garin da labarin duka ƙagaggu ne. Turawan mulki suka aiki wani Sufeton 'yan sanda, mutumin Arewa, Ɗanladi Waziri, ya gano mai yin ɓarnar kafin ranar biki. Marigayi Sadiq Daba, wanda ya rasu a 2021, shi ya fito a matsayin Sufeton. Mutanen gari suka zargi wannan, suka zargi wancan, har zargi ya sauka a kan wani baƙo Bahaushe mai suna Usman, wanda hanya ce kawai ta biyo da shi. Uban ɗaya daga cikin 'yan matan ya kashe shi, alhali kuwa ba shi da hannu. Ashe mai kisan shi ne Aderopo, ɗan sarkin garin, mai ladabi, mai tsabta, wanda ya gama babbar makaranta ta Badun, gari duka yana fahariya da shi.

Daga baya dalili ya fito. Wani limamin kirista Bature, Dowling, ya ɗauki yara biyu daga Akote ya kai su makaranta a Ikko, ya riƙa lalata da su da dare. Ɗaya, Agbekoya, ya gudu gida bayan 'yan watanni. Aderopo ya zauna shekara 6, ya kuwa ƙudura a ransa zai kashe mace ɗaya domin kowace shekara. Da Sufeto ya kai wa Turawa gaskiyar magana, suka ce a rufe ta, a bar laifin a kan Usman wanda ya riga ya mutu, domin kada a ɓata sunan manya, kada kuma a ɓata biki.

To, mai karatu, mutane sukan ba da amsa iri biyu a kan irin wannan mutum, kowace kuwa tana da daɗin faɗi. Waɗansu sukan ce ai wannan ba mutum ba ne, dodo ne, haka aka haife shi. Waɗansu kuma sukan ce ba laifinsa ba ne, abin da aka yi masa ne ya sa shi. Ni ina ganin duka biyu sun kauce.

Amsa ta fari tana kwantar mana da rai domin tana nisanta mugunta daga gare mu. In mai kisa dodo ne, to, za mu gane shi da gani, ba kuwa zai fito daga gidanmu ba. Wannan shi ya kashe Usman. Mutanen Akote suna neman mugu mai kamar mugu, baƙo mai baƙon harshe, alhali mugun yana cin tuwo tare da su. Masu binciken laifi a Amurka, da suka taru a 2005 suka daidaita cewa mai kisan jere shi ne wanda ya kashe mutum biyu ko fi a lokatai dabam dabam, sun yi gargaɗi a kan wannan. Da yawa cikin irin mutanen nan suna da aiki, da iyali, da maƙwabta masu gaishe su kowace safiya. A Fatakwal ma, a 2019, wani mai suna Gracious David-West ya yi ta yaudarar mata zuwa masaukin baƙi yana shaƙe su. Ya shiga ya fita kamar kowane baƙo, har aka kama shi, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2020 saboda mata 9. Mugu ba shi da kama.

Amsa ta biyu tana da kamar tausayi, akwai kuma gaskiya a cikinta. Abin da a ke yi wa yaro ba ya wucewa a banza. Yaron da babba ya wulakanta, ya kuma rasa wanda zai gaya wa, yakan koyi abu biyu: cewa mai ƙarfi yana yin abin da ya ga dama, da kuma cewa kukan marar ƙarfi ba ya zuwa ko'ina. Kunya ta zauna a cikinsa shekara da shekaru, ta juya ta zama fushi. Wani, domin ya daina jin kansa abin takawa, sai ya nemi wanda ya fi shi rauni ya taka. Shi ya sa Aderopo ya bi 'yan mata da ba su san kome ba. Shi ya sa kuma kisa ɗaya bai ishe shi ba, gama jinin wani ba ya warkar da mikin wani.

Amma ga inda amsar ta gaza. A 1989 wata malama a Amurka, Cathy Widom, ta bayyana binciken da ta yi a kan mutum 908 waɗanda kotu ta tabbatar an ci zalinsu ko an yi banza da su suna yara. Ta tarar lalle sun fi sauran mutane faɗawa hannun hukuma, amma mafi yawansu ba a taɓa kama su da laifin cutar kowa ba. Idan cuta ce ke tilasta mutum ya yi kisa, da dukansu sun yi. Wanda ya ce wanda aka cuta dole ya zama macuci, ya ƙara wa dubban bayin Allah wani kaya a kan nasu, waɗanda suka sha wuya suka kuwa zama iyaye nagari. Cuta tana buɗe ƙofa, amma mutum da ƙafarsa ya ke shiga.

Littafi Mai Tsarki ya riƙe gefen nan biyu tare. A Farawa sura 4, tun Kayinu bai ɗaga hannu ba, Allah ya ga fushinsa, ya gargaɗe shi cewa zunubi yana fakonsa, amma aikinsa ne ya rinjaye shi. Allah bai yi musun ɓacin ransa ba, bai kuwa ɗauke masa alhakin jinin Habila ba. Ezekiyel sura 18 ta koya mana kowa zai amsa nasa laifi. A Matiyu sura 18 kuma Ubangiji ya yi magana mai ban tsoro a kan wanda ya sa ƙaramin yaro tuntuɓe. Saboda haka alhakin Dowling nasa ne, ba ya raguwa domin Aderopo ya yi kisa. Alhakin Aderopo kuma nasa ne, ba ya wankuwa domin Dowling ya fara. Laifi ba ƙosai ba ne da za a ce in wannan ya ɗauki da yawa, na wancan ya ragu.

Agbekoya ma bai fita lafiya ba. Bai taɓa mace ko ɗaya ba, amma ya kashe Dowling da hannunsa, ya kuma hana ɗansa zuwa makaranta. Mikin da aka rufe ba a wanke ba, ta wani wuri ya ke fashewa.

Akwai masu laifi na uku, su ne masu rufewa. Wannan ba a majigi kaɗai ya ke ba. A Ingila wani lauya mai suna John Smyth ya yi ta yi wa samari mugun duka a ƙarƙashin inuwar aikin bishara. Waɗansu shugabanni suka sani tun 1982, suka yi shiru. A 1984 ya koma Zimbabwe ya ci gaba da ɓarnarsa a kan yaran Afirka. Da rahoto ya fito a 2024, Babban Bishop na Kantabari, Justin Welby, ya ajiye aiki. Sarki Dawuda ma, a 2 Sama'ila sura 13, ya ji abin da Amnon ya yi wa Tamar, ya yi fushi ƙwarai, amma bai hukunta ba. Bayan shekara 2 Absalom ya zub da jini a gidan. Shirun da a ke cewa domin kare sunan ekklesiya ne, sau da yawa domin kare sunan mutum ne.

Mu da mu ke zaune a Jibiya mun san zafin wannan magana. Garinmu bakin iyaka ne, baƙi suna wucewa kullum ta Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. Ƙauyukan ƙasar nan kuma sun sha harin 'yan bindiga shekara da shekaru. In aka yi ɓarna, harshe yakan yi saurin cewa mutanen ƙetare ne, ko kuwa kowane makiyayi da aka gani. Ta haka a ke samun Usman da yawa. A ɗaya gefen kuma akan ji mai riƙe da bindiga yana cewa an kore masa shanu, an kashe masa uba. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, ya kuwa cancanci a bi masa hakki. Amma manomin da ya harbe a gona ba shi ya kore shanun ba.

Me ya wajaba a kanmu, 'yan'uwa? Dattawan ekklesiya su saurari yaro in ya kawo ƙara, ko da a kan fasto ne, ko malamin makarantar Lahadi, ko mai ba da baiko mai tsoka, su kuma kai maganar ga hukuma. Iyayen da 'ya'yansu ke makarantar kwana, ko riƙo a gidan dangi, su riƙa tambayarsu a keɓe, su lura in yaro mai fara'a ya koma shiru. Kada mu ɗaga sanda a kan baƙo domin jita-jita. Kai kuma da aka cuta, kana ɗauke da abin a ciki shekara goma ko ashirin, abin da aka yi maka ba laifinka ba ne, ba kuwa shi zai zaɓa maka abin da za ka zama ba. Nemi amintaccen mutum ka faɗa masa, tun fushin bai nemi wanda zai faɗa wa ba.