Laifin Fir'auna ne, me ya ci ɗan kuyanga?

Tun muna yara a makarantar allo muke jin labarin Annabi Musa da Fir'auna, kuma kullum muna gefen Bani Isra'ila. Idan malam ya iso wurin da teku ta rufe rundunar Masar, sai ka ga fuskoki sun washe. Sai da na girma na karanta littafin Fitowa a Littafi Mai Tsarki na Hausa, daga babi na 7 zuwa na 12, sannan wata tambaya ta kama ni, har yau ba ta sake ni ba.

Littafin ya jero annoba goma: Kogin Nilu ya koma jini, kwaɗi, ƙwarƙwata, ƙudaje, mutuwar dabbobi, marurai, ƙanƙara, fari, duhun kwana uku, sai mutuwar 'ya'yan fari. Alƙur'ani ya ambaci ayoyi tara da aka bai wa Musa, a Suratul A'araf kuma ya kawo ambaliya da fari da ƙwarƙwata da kwaɗi da jini, bayan shekarun ƙarancin amfanin gona. Annoba ta goma ba ta cikinsa. Ita ce kuwa ta tsaya mini a rai, domin Fitowa ya ce mutuwar ta taso daga ɗan Fir'auna mai jiran gado, ta gangaro har kan ɗan kuyangar da ke durƙushe bakin dutsen niƙa.

Wannan mata ita ma baiwa ce. Ba ita ta ba da umarnin jefa jarirai maza cikin kogi ba. Ba ita ta hana bayi ramno ta ce dole su cika adadin tubalin jiya ba. Sauran annobar ma wa suka fi ci? Duk wanda ya ga abin da fari suka yi wa gonakin Nijar a 2004, da yunwar da ta biyo baya a 2005, ya san ba a fada ake fara kwana da yunwa ba. Mai rumbu ɗaya ne yake fara kuka.

Amsar da na fi jin nauyinta ita ce, mutum ɗaya ba ya bautar da al'umma guda. Sai da ɗan gari akan ci gari. Biranen ajiya na Fitom da Ramases ba da hannun Fir'auna aka riƙe bulalar gina su ba. Akwai mai tsaron aiki, akwai mai ƙirga tubali, akwai maƙwabcin da ya ji kukan uwa ya ja ƙofarsa ya rufe. Suratuz Zukhruf ta nuna cewa Fir'auna ya raina hankalin mutanensa, su kuma suka bi shi, kuma an kama su da laifin wannan biyayya.

Ba a kuma toshe wa kowa hanya ba. Tun kafin annoba ta farko, ungozomomi biyu, Shifra da Fu'a, suka ƙi kashe jariran da sarki ya ce su kashe. Da aka yi gargaɗin ƙanƙara, wasu bayin Fir'auna sun ji tsoro sun shigar da barorinsu da dabbobinsu gida, suka tsira. Fadawansa da kansu sun roƙe shi ya saki mutanen nan tun da ƙasa ta lalace. A Alƙur'ani, masihirtan da ya tara sun faɗi suna sujada, ba su kuma ja da baya ba ko da ya yi musu barazanar yanke hannu da ƙafa, matarsa ma ta roƙi Allah ya tsame ta daga aikinsa. Daren fita, Fitowa ya ce wani taro na wasu jinsuna ya bi Isra'ilawa.

Duk wannan na yarda da shi. Amma bai share hawayen kuyangar nan ba, kuma ba na jin ya kamata mu yi kamar ya share. Zalunci idan ya daɗe, ranar rushewarsa ba ta tambayar sunan wanda gini zai danne. Wannan ƙarin laifi ne a wuyan Fir'auna, wanda aka ba shi dama sau tara ya taurare. Hisabin wanda ya mutu ba da hakkinsa ba yana wurin Allah, wanda ba ya zaluntar kowa.

Abin da ya rage namu shi ne yadda muke ba da labarin. Yahudawa da yawa, a daren Idin Ƙetarewa, sukan ɗiga ɗigo ɗaya daga ƙoƙonsu duk annobar da aka ambata, don murnarsu ta ragu saboda wahalar Masarawa. Attaura ma ta hana su ƙyamar Bamasare, tun da sun yi baƙunta a ƙasarsa. Mu kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya mana tuna wannan kuɓuta da azumin Ashura, ranar 10 ga Muharram, ba da biki ba.

Ina roƙon malamai da fastoci da iyaye: idan za ku ba yara labarin Fir'auna, ku gaya musu sunan Shifra da Fu'a, ku kuma gaya musu cewa a daren nan an yi makoki har a gidajen bayi.