Ɗana, Kafin Ka Yanka Filin Masana'anta

Ɗana, Allah Ya sanya albarka a wannan aiki da ka samu, Ya sa ka fara a sa'a ka gama lafiya.

Ranar sunan 'yar ƙanwarka, muna zaune a zaure bayan jama'a sun ragu, wata magana ta fito daga bakinka. Ban tanka ba, don akwai abokanka a wurin, kuma ba a yi wa mutum gyara a gaban tsararsa. Cewa ka yi Bompai da Sharaɗa da Challawa sun zama maƙabartar injuna, da za a ba ka iko da ka yanka kangayen nan fegi-fegi, a yi gidaje da rukunin shaguna da gidajen biki, gwamnati ta sami kuɗin shiga, jama'a su sami wurin zama. Abokanka suka ce ka yi magana. Ni kuwa da ita na kwana. Da wani ne can ya faɗa a majalisar mai shayi, da na bar shi da ra'ayinsa. Amma kai tsara birane ka karanta, kuma daga yanzu takardu za su riƙa taruwa a teburinka suna jiran sa hannunka. Abin da mai alƙalami ya faɗa da wasa a zaure, wata rana shi zai rubuta a ofis.

Na shiga masaƙa a Bompai ana tsakiyar zancen ƙarin albashin Udoji, ina saurayi, ban kai shekarunka na yau ba. Idan jiniya ta kaɗa da asuba, masu aikin dare suna fitowa mu muna shiga, titi ba masaka tsinke. Kekunan Raleigh ne jere har ƙarshen ganinka, daga Dakata, daga Gama, daga Tudun Wada, wasu tun daga cikin Birni. A bakin ƙofa akwai wata dattijuwa mai koko da ƙosai da ke ba mu bashi sai ƙarshen wata, tana ƙirga na kowa da zane a jikin bango, ba ta taɓa kuskure ba. Kusa da ita mai faci, sai mai wankin hula, sai mai aski. Duk waɗannan ba su taɓa inji ba, amma injin ne ke ci da su. Da albashin wannan masaƙa na biya wa mahaifinka kuɗin makaranta, shi kuma ya biya naka. Don haka idan ka ce kango, ka san kangon da kake nufi.

Ba na musun abin da idonka ya gani. Da yawa sun rufe. Daga 1986, da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta karye, kayan gyaran inji suka gagari saye. Wuta ta zama sai an ga dama, baƙin mai ya yi tsada, atamfar waje ta cika Kantin Kwari a farashin da ko kuɗin zarenmu bai kai ba. Ni ma ranar da aka sallame mu ina cikin waɗanda suka tsaya a bakin ƙofa suna kallon kwaɗo, an rasa mai cewa uffan. Sai dai akwai abin da na gani daga baya wanda kai ba ka lura da shi ba. Wani sito da na sani ya shekara fiye da goma a rufe, ciyawa ta kai ƙugu, jemagu sun cika rufin. Bayan an rufe iyakokin ƙasa a 2019, shinkafar gida ta yi kasuwa, sai ga shi an share wurin an kafa injin casa, tireloli suna layi a ƙofa, matasa sun sami abin yi. Me ya sa aka iya? Saboda filin yana nan yadda aka bar shi, da faɗinsa, da titin da babbar mota za ta juya, da layin wuta mai ƙarfi a kusa. Da an riga an yanka shi gida arba'in, ko gwamna bai isa ya haɗe shi ba. Masana'antar da ta rufe tana iya farfaɗowa, amma filin da aka raba wa mutane suka gina suka hayayyafa a ciki ya tafi ke nan.

Kuma waɗannan wurare ba haka kawai suka tsiro ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyada da fata da auduga suka sami hanyar teku, Bompai ta taso kusa da layin dogo tun zamanin Turawa. A farkon shekarun 1960 aka kafa hukumar tsara Kano da kewayenta, wani masanin tsara gari mai suna Trevallion ya shirya mata tsarin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Wannan hukuma ce ta yi ta sauya suna da riga har ta zama KASEPPA, yau kuma KNUPDA. Sharaɗa da Challawa suka bunƙasa a shekarun 1970, bayan an ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, a lokacin da wajen duk gonaki ne da fadama. Mutanen da suka zauna suka ware wannan ƙasa mai yawa ga masana'antu sun san ba su za su ci moriyarta ba. Wa'adin tsarinsu ya ƙare, gari kuwa bai tsaya jiran kowa ba, ya bi masana'antun ya kewaye su.

Kafin su ma, kakanninka sun san wannan ilimi ba tare da taswira ba. Duba sunayen wuraren Birni: Majema, Dukawa, Soron Ɗinki, marinar Ƙofar Mata. Kowace sana'a da mazauninta, mai wari da mai ƙara an san inda aka ajiye shi. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ganuwa ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma a cikin ganuwar nan an bar filaye da gonaki da kududdufai da gangan. Je ka duba abin da ya rage na badala yau. Ba rana ɗaya aka cinye ta ba. Wannan ya ɗebi ƙasa, wancan ya matso da katanga taku biyu, wani ya sami takarda. Kududdufan da ke shanye ruwan sama aka cike su aka yi gini, ruwa ya rasa mazauni ya koma shiga ɗakunan mutane. Ka ga abin da ambaliya ta yi wa 'yan Kantin Kwari a damunar 2022, dukiya mai yawa ta jiƙe ta lalace. Kowane ɗaya daga cikin gine-ginen da suka tare hanyar ruwa, akwai ranar da yake zane ne kawai a takarda a gaban wani.

Abin da ya fi damuna a maganarka shi ne gidajen da kake son a kai jikin masana'anta. Na san wani bawan Allah da ya sayi filin awon igiya a bayan katangar wani kamfani, dillali ya ce masa ai kamfanin ya mutu. Ya tara kuɗin fanshonsa ya gina ɗaki uku. Shekara biyu aka tayar da kamfanin. Janareta na ruri dare da rana, tagogi na karkarwa, hayaƙi na sauka a kan shanyar matarsa, ƙaramin ɗansa kullum tari. Ya haɗa maƙwabta suka kai ƙara. Shi yana da gaskiya, don haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne. Mai kamfanin ma yana da tasa, don shi aka tarar. An bar mutum biyu suna gaba da juna a kan abin da tun farko bai kamata a bari ya faru ba. Tazarar nan da ake bari tsakanin masana'anta da gidaje, wadda dillalai ke kallo a matsayin filin banza, ita ce ke hana irin wannan. Tsare ta yana cikin manyan ayyukanka, ko da ba wanda zai gode maka.

Sai maganar ruwa, wadda ban ji ka ambata ba ko sau ɗaya, alhali ita ce ciwon da ke cikin ƙashi. Ruwan da masana'antun Bompai ke zubarwa yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya tafi madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. Na Sharaɗa yana bin Salanta ya faɗa kogin Challawa. Na Challawa, inda manyan kamfanonin jima suka fi yawa, shi ma kogin yake nufa, ya gangara wajen Tamburawa ya haɗu da kogin Kano, ya wuce Wudil ya nufi Haɗeja. Kogin Challawa ne fa aka kafa wa Kano gidan ruwanta na farko a kansa tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Jimar zamani ba da bagaruwa ake yin ta ba irin ta Majema, da sinadarin kuromiyom ake yi, kuma shi ba ya ruɓewa, yana kwanciya a laka ya shiga ƙasa ya shiga tsiro.

Da rani na taɓa tsayawa a bakin Getsi wajen wani manomin lambu. Ruwan baƙi ƙirin, da kumfa a gefe, warinsa yana kama maƙogwaro. Ya jefa tiyon injin ban ruwa a ciki yana shayar da latas da alayyafo da kabeji, ganyen kore shar, gwanin sha'awa. Na dubi ƙafafunsa, duk sun tsattsage sun yi fari har ƙauri. Na ce masa, malam, wannan ruwa fa? Ya ce, Alhaji, wanne gare ni in ba shi ba? Kashegari wannan ganye yana kasuwa, jibi yana tukunyar gidanka ko tawa. Mu da muka yi aiki a masaƙa mun san launin da muka rina da safe shi ake gani a kwata da yamma, kuma ba mu ɗauke shi a bakin komai ba a lokacin. Ruwa ba ya tsami banza.

Na san amsar da za ka ba ni, za ka ce wannan aikin ma'aikatar muhalli ne da hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, kuma akwai dokar auna illar aiki ga muhalli tun 1992. Haka ne. Amma su sau da yawa suna zuwa ne bayan an gina an fara aiki. Kai zanen ke zuwar wa tun ba a haƙa tushe ba. Idan mai jima ya kawo zane babu wurin tace ruwa a ciki, a hannunka za a fara cewa a koma a gyara. Idan an ware fili don matatar ruwa ta haɗaka, wadda aka daɗe ana maganarta a waɗannan unguwanni, kai ne za ka hana a wayi gari a ga an kafa fegi a kai. Kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa a kwashe su a kai daji shi ne magani. A Dakka ta ƙasar Bangaladash an tashi majemun Hazaribagh a 2017 aka kai su Savar, saboda sun kashe kogin Buriganga. Da yake matatar sabon wurin ba ta yi aiki yadda ya kamata ba, sai ƙazantar ta koma wani kogin. Fatar Kano tun zamanin ayarin raƙuma take ƙetare Sahara, har Turawa suna kiranta fatar Maroko. Sana'a ce da ya kamata a riƙe, amma a riƙe ta da tsabta.

Ba ina ce maka ka zama mai taurin zuciya ba. Talakan da ke sayen awon igiya ba son rigima yake ba, wurin sa haƙarƙari yake nema, kuma filin gwamnati ya fi ƙarfinsa ko ya fi ƙarfin haƙurinsa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana ga jama'a, kuma leburan kamfani yana cikin jama'ar. Idan kuna son ya bar jikin katangar masana'anta, ku fitar masa da unguwa mai titi da kwalbati da filin makaranta, a inda ƙafarsa ko kekensa zai kai shi wurin aiki, a farashin da zai iya. Sannan ka riƙa zuwa da wuri. Jan fenti a kan tushe nasiha ce, a kan gidan da aka yi wa rufi aka tare kuwa masifa ce. Ka ga rusau ɗin 2023 a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, yadda gari ya rabu biyu, aka yi ta shari'a. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, zai yarda cewa da an tsayar da magana tun ana awo, da ba a kai ga haka ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma abin da ke tafe. An ƙaddamar da aikin bututun gas daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano a 2020, mai tsawon kilomita 614. An buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu ta Dala a Zawaciki, can ƙasar Kumbotso, a farkon 2023. Aikin gwamnati yana da jinkiri, na sani, amma duk ranar da gas ya iso, mai kuɗi zai zo neman inda zai kafa inji. Idan ya tarar Sharaɗa ta zama gidajen biki, zai juya ya nufi wani gari da aikin 'ya'yanku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Za su zo maka, ɗana. Wani da ambulan, wani da sunan wani babba, wani ma ta hannun mahaifiyarka zai biyo da turmin atamfa. Ka tarbe su da fuska, ka ba su ruwa, ka ce doka ce ta ɗaure ka. Idan abin ya fi ƙarfinka aka zartar daga sama, ka rubuta ra'ayinka a fayil da hannunka, da kwanan wata, don fayil yana daɗewa fiye da kujera. Kuma kada ka yanke hukunci a kan fili daga hoton kwamfuta. Ka je ka taka shi, ka ga inda ruwa ke bi, ka tambayi mai unguwa da maigadin ƙofa, su suka san tarihin kowace katanga.

Ranar Asabar in Allah Ya kai mu ka biyo ta gida bayan sallar asuba, ka zo da taswirar Bompai da takalmin roba. Zan nuna maka ƙofar da na shiga shekara goma sha tara, daga nan mu bi Getsi da ƙafa har inda gwiwata ta yarda. Ka gaida mai ɗakinka.

Baffanka.