Katangar Nan Don Wa Aka Gina Ta?

A shekarar 1790 wata bazawara mai suna Hannah Mills ta rasu a gidan mahaukata na birnin York, a lardin Yorkshire na ƙasar Ingila, makonni kaɗan bayan an kai ta. 'Yan ɗariƙarta ta Quaker sun nemi su duba ta, aka hana su. Abin ya yi wa wani ɗan kasuwar ganyen shayi, William Tuke, ciwo ƙwarai, har ya tara kuɗi ya buɗe wani gida a 1796 mai suna Retreat. A can aka ajiye mari da bulala. Mara lafiya yakan yi aikin lambu, ya sha shayi tare da masu lura da shi, a kira shi da sunansa.

To, mai karatu zai ce ai magana ta ƙare, tausayi ya yi nasara. Ni kam ban gamsu ba.

Gidan Tuke na mutum kamar 30 ne, inda kowa ya san kowa. Da hukuma ta ari dabarar, sai ta gina na Wakefield a 1818 don mutum 150. Dokar 1845 ta wajabta wa kowane lardi ya tanadi irinsa, kafin ƙarshen ƙarnin kuwa mazauna Wakefield sun haura dubu. Yaya ma'aikaci zai san damuwar mutum dubu? Sai dai ya ƙirga su safe da yamma. Nufin alherin yana nan, amma an fara gina katangar don na waje su huta: dangin da suka gaji, da hukumar da ba ta son ganin gajiyayyu a titi. Ba na zargin dangin. Wanda ya taɓa kwana bakwai a zaune yana gadin ɗan'uwansa ya san abin da ake kira gajiya.

Abin tambaya shi ne, wa ke komawa ya duba bayan an rufe ƙofa? Rashin mai dubawa ne ya ba da damar abin da ya sami Hannah Mills, kuma kyan gini bai magance wannan ba. Asibitin High Royds da aka buɗe a Menston a 1888 yana da gonarsa, da layin dogonsa, har da zauren rawa. An rufe shi a 2003. A maƙabartarsa akwai mutum 2,861 da aka binne tsakanin 1890 da 1969, galibinsu ba wanda ya zo karɓar gawarsu, kuma ba a rubuta sunayensu a kan kaburburan ba.