Ledar Baffa

A wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan dam ɗin Tiga ke shayar da shinkafa da alkama da tumatir, akwai wani dattijo da ba ya yar da takarda. Duk rasit ɗin kuɗin ruwan da ya taɓa biya wa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are yana cikin wata baƙar leda a ƙasan adakarsa. Matasa har dariya suke masa.

Ɗan ƙaninsa ya koyi gyaran injin ban ruwa a Kadawa, hannunsa ya faɗa. A 2018 ya samu bizar aiki a garejin wani kamfani a Buraida, ƙasar Saudiyya. Shi da abokinsa, wanda shi ma zai tafi, suka yi ta zirga-zirga tsakanin ofishin fasfo na Farm Centre da asibitin gwajin lafiya. Daren tafiya Baffa ya miƙa masa sabuwar leda.

"Ɗana, duk takardar da aka ba ka, ka sa a karanta maka kafin ka sa hannu, sannan ka adana a nan. Ka san mai fasa magudana cikin dare don ya riga kowa ban ruwa? Daren nan gonarsa za ta ƙoshi. Da safe sawunsa ne zai nuna shi."

"To, Baffa. Allah ya ƙara girma."

Can ya tarar rayuwa duka a kan kati ɗaya take, wato igama. Ba ka buɗe asusun banki sai da ita, ba ka samun layin waya sai da ita. Ba a cire haraji daga albashi, wannan ya faranta masa rai, har sai da ya lura da takardar kanti: harajin saye na kashi 5 cikin ɗari, wanda a Yulin 2020 ya koma kashi 15. Ya so ɗauko iyalinsa. Wani Basudane da suke aiki tare ya zaunar da shi suka yi lissafi. Tun 2017 ake biyan kuɗi a kan kowane mutum da baƙo ke riƙewa, daga riyal 100 a wata har ya kai 400. Mata da 'ya'ya uku, riyal 1,600 ke nan duk wata. Daren nan bai ci abinci ba. Duk wanda ya taɓa barin jariri a gida ya san nauyin wannan lissafi.

Abokinsa ya gaji a shekara ta biyu.

"Mutumina, mu sulale Jidda. Ninki biyu ake samu, ba mai tambayar kafilinka."

Makanikin ya kwana yana juyi, domin a lokacin gida ana neman kuɗin taki. Da asuba ya ce ba zai je ba. Abokin ya tafi, kafili, wato wanda ya ɗauko shi aiki, ya shigar da rahoton gudu, igamarsa ta mutu. Wata takwas ya yi yana aiki a ɓoye, yana canza hanya in ya hango motar jawazat, wato jami'an shige da fice, ko zazzaɓi ya kama shi sai ya hana kansa asibiti. Ƙarshe sai Shumaisi, inda ake tsare baƙin da za a kora, aka ɗauki hoton yatsunsa, aka sako shi a jirgi da kayan jikinsa.

Shi kuwa makanikin ya cika shekara shida. Da aka zo sallama, akawun kamfani ya ƙirga masa shekara huɗu, wai ba a ga tsohuwar yarjejeniyarsa a fayil ba. Bai ɗaga murya ba. Ya kwance leda ya shimfiɗa takardar farko, da takardun albashi wata bayan wata. Dokar ƙwadagon ƙasar ta ce rabin albashin wata ga kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken wata ga wadda ta biyo baya. Aka biya shi na wata uku da rabi.

Ya dawo a 2024, ya tarar Baffa ya rasu da damina. Ya tarar kuma wani na ikirarin gonar, da shaidu biyu. A gaban dagaci matar Baffa ta fito da tsohuwar ledar. Aka yi ta warware rasit, wasu sun yi ja don tsufa, duk da sunan marigayin da lambar filin. Mai ikirarin ya sa takalminsa.

Washegari makanikin ya aika aka kira abokinsa, wanda tun dawowarsa ke dakon kwandunan tumatir a Kwanar Gafan. Ya nuna masa rabin fili da sabon inji.

"Layinmu na ruwa ranar Talata ne. Ka zo da wuri."